NMS ko Man O' War: ina za a kai yaro?

A Zariya, uban da ɗansa ke sha'awar kaki yana da hanya biyu. Makarantar Soja ta NMS, wadda aka kafa a 1954, ta kwana ce. Shekara shida yaro yana cikin bariki: gudun asuba, fareti, aji, komai bisa oda. Tana gyara yaro ƙwarai, amma fa ɗan shekara goma sha biyu za ka miƙa, kuma sai ya ci jarrabawar shiga. Ƙungiyar Man O' War kuwa atisaye ne bayan an tashi daga aji, ba bindiga, yaro ya dawo ya kwana gaban mahaifiyarsa. Ni na fi natsuwa da ita ga ƙaramin yaro, don ko islamiyyarsa ba ta yankewa.