Abin hannun duwatsun bakin tafki: agat ya riƙe, Petoskey ya fara gajiya

Na jima ina sa wannan abin hannun kafin in ce komai a kansa, don kayan ado ranar da suka iso duk kyau gare su, sai sun sha ruwa sun sha gumi ake sanin na ƙwarai. Aikin hannu ne, wata mata ce a jihar Michigan ta Amurka take tsinto duwatsu a bakin manyan tafkunan can, ta goge su ta huda ta jera a zare. Nawa kala uku aka haɗa, akwai dutsen Petoskey, akwai agat na tafkin Superior, sai ɗan shuɗin nan da suke kira Leland Blue guda biyu a tsakiya.

Petoskey ɗin shi ya ja ni tun a hoto. Ashe ma asalinsa murjani ne da ya rikiɗe ya zama dutse, tun shekara wajen miliyan 350 da suka wuce lokacin da wurin yake ƙarƙashin teku mai ɗumi, daga baya ƙanƙara ta kwaso shi ta watsa a gaɓar tafkin Michigan, har jihar ta ɗauke shi a matsayin dutsenta a 1965. Zanen jikinsa kamar saƙar zuma, gida-gida mai kusurwa shida, kowane gida da ɗigo mai duhu a tsakiya da siraran layuka da suka fito daga ɗigon. To amma fa ku sani, a hoto manyan duwatsu ake nunawa, shi kuwa ɗan ƙwallon da ake sawa a hannu ƙarami ne, gida ɗaya da rabi kawai yake ɗauka, wani ma rabin gida, sai kin kawo shi kusa da ido kin juya shi sannan ki gane abin da ake magana. Daga nesa toka-toka ne kawai, ba wanda zai tsayar da ke a hanya ya ce ina kika samu.

Kuma shi ne ya fara ba ni haushi. Dutse ne mai laushi, a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs bai wuce 3 zuwa 4 ba, agat kuwa yana kusan 7, to an jera su kafaɗa da kafaɗa ba a sa komai a tsakani ba, duk motsin da hannu ya yi agat ɗin yana cin ɗan'uwansa. Yanzu bakin hujin duk ya yi fari-fari ya dushe, ƙyallin da ya zo da shi ya tafi, sai na jiƙa shi ko na ɗan shafa masa mai zanen yake dawowa. Turare ma ba ya so, ruwan lemun tsami kuwa kar ma ya kusance shi don cinye shi yake yi. Gaskiya wannan laifin mai haɗawa ne ba na dutse ba, wadda ta san duwatsun nan har ta iya huda su ai ta san wanne ke cin wanne, da ta ƙulla zaren tsakanin kowane biyu ko ta sa 'yan ƙananan zobba da ba a kai ga haka ba.

Agat ɗin dai ba ni da ta cewa, wallahi kamar jiya aka goge shi. Ja ne da ratsin fari da ruwan goro, jan daga ƙarfen da ke cikinsa ne, kuma idan kika haska masa tocilar waya ta baya haske na ratsa shi kaɗan ki ga layukan suna zagaye juna. Na buga shi da ƙofa, na buga da bakin tebur, ko ƙwarzane babu. Jihar Minnesota ta Amurka ta mai da shi dutsen adonta a 1969, na ga dalili.

Shi Leland Blue dariya ya ba ni, don ba dutse ba ne ma, kashin maƙera ne. Tsakanin 1870 da 1885 an yi masana'antar narka ƙarfe a garin Leland, dattin da ya rage suka riƙa zubarwa a ruwa, igiyar ruwa ta yi ta gogarsa shekara da shekaru, yau ga shi mutane na rububinsa. Kamar gilas yake, da 'yan ramuka ƙanana na kumfa a jiki, kuma sabulu na maƙalewa a ramukan sai an bi da tsohon burushi. Amma shuɗin nan nasa shi ke tashin abin hannun gaba ɗaya, da babu shi da ya yi duhu da yawa.

Zaren roba ne mai miƙewa, sawa da cirewa ba wahala, sai dai duwatsun na da nauyi kuma ya fara saki, har ina hango zaren tsakanin duwatsu idan na ɗaga hannu. In zan sake oda na wayar ƙarfe mai maƙulli zan ce a yi min. Ki auna hannunki da kyau ki ƙara kaɗan, don manyan duwatsu na cinye faɗin ciki.

Masu shirin saye ku tambayi mai sayarwa a ina ta samo, ku ce ta turo hoton ainihin wanda za ta aiko ba na talla ba, tunda babu biyu da suke zama iri ɗaya. Akwai murjanin dutse na Indonesiya da ake sayarwa da yawa a intanet, yana kama da Petoskey ga wanda bai sani ba, in kin ga duk duwatsun zanensu ya fito tsaf kuma kala ɗaya sak to ki yi tambaya. Dokar Michigan ma fam 25 kacal ta yarda mutum ya tsinta a shekara a filin gwamnatin jiha, wajen kilo 11 kenan.

Zan sake saye, amma na agat zalla don sawar yau da kullum, Petoskey kuma gara a yi min shi babba guda ɗaya a sarƙar wuya inda ba abin da zai riƙa gogarsa.