Kocin ƙwallon kwando: a fara daga makaranta ko daga kulob?

Samarin unguwannin Nima da Mamobi na Accra da gwiwa ta fara yi wa gardama sun sha tambaya: mai son zama koci, makarantar sakandare zai nufa ko kulob, a matsayin mataimaki?

Wajen aljihu, makaranta ta fi kwanciyar hankali, musamman ga mai takardar koyarwa, tunda albashi na zuwa ƙarshen wata. A kulob kuwa sau da yawa abin bai wuce kuɗin mota ba, sai an haɗa da wata sana'a.

Wajen koyon aiki ne labari ya sha bamban. A makaranta kai ke da wuƙa da nama, amma tushe kake koyarwa: riƙon ƙwallo, tsayuwar ƙafa, jifa da hannun hagu. Bayan shekara 3 yaran sun tafi, ka koma farko. Mataimaki a kulob shi ke kwana kan bidiyo, yana lura da gefen da abokin karawa ya fi bi da abin da yake yi in daƙiƙa 24 da ake ba ƙungiya ta jefa ƙwallo a kwando sun kusa cika. Aikin ba daɗi, gaskiya, amma daga ɗakin bidiyon Miami Heat, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Amurka, Erik Spoelstra ya fara a 1995, ya zama babban kocinta a 2008. Haɗarin shi ne, ranar da aka sallami maigidanka, kai ma ka tattara.

Kwas ɗin horarwa na FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, yana da amfani ta kowace hanya.

Mai iyali da haƙurin renon yara, makaranta ta fi dacewa da shi. Saurayin da ke hangen gasar BAL ta kulob-kulob ɗin Afirka, kuma zai iya jure rashin kuɗi na wasu shekaru, ya nemi kulob.