Gashin da babu wuta: abin da na gani bayan zama 15

Ranar da likita ya ce min bayan tiyatar cire mama saboda ciwon kansa da ƙarin ruwan maganin kansa da ake kira kemo, sai kuma gashi da hasken na'ura (radiotherapy), gabana ya yanke ya faɗi. Mu dai gashin da muka sani ko na tsire ne a bakin garwashi, ko na ƙashi da tsumma da ruwan zafi. Gwaggona har cewa ta yi, "Ke 'yar nan, kada ki yarda su babbake ki da ranki." To, na gama zama 15 cikin mako uku da 'yan kwanaki a wani asibitin koyarwa, kuma ba abin da ya ƙone.

Da farko hoton cikin jiki da ake kira CT aka yi min, ina rigingine, hannuna a ɗage saman kai. Aka zana min alamomi a ƙirji, aka ja min kunne kada in cuɗe su wurin wanka, domin da su ake saita na'urar a daidai wuri ɗaya kullum. Tunda ɓangaren hagu ne, sai da suka zauna suka lissafa ta inda hasken zai bi don ya kauce wa zuciya da huhu gwargwadon iko.

Ɗakin gashin bangonsa kauri gare shi, ga sanyi kamar na tsakiyar hunturu. Za su gyara miki kwanciya, su fice su bar ki ke kaɗai, suna kallonki ta kyamara. Sai kan na'urar ya juyo, ya yi 'yar ƙara, ya koma ɗaya gefen. Ba zafi, ba ƙauri, ba ki ganin komai. Gyaran kwanciyar ma ya fi gashin cin lokaci. Ni Ayatul Kursiyyu nake karantawa, da wuya in maimaita sau da yawa kafin a buɗe ƙofa.

Wata rana na ce wa ma'aikaciyar, "Sista, me zai hana a yi min duka lokaci guda in huta?" Ta yi dariya ta ce hasken irin na hoton ƙashi ne amma mai ƙarfin gaske, yana lalata ƙwayoyin kansar da suka rage bayan tiyata har su kasa hayayyafa. Lafiyayyen nama ma yana taɓuwa, sai dai ya fi su saurin gyara kansa, shi ya sa ake rarraba shi Litinin zuwa Juma'a, a huta Asabar da Lahadi.

Fatar wurin ta yi duhu, tana ƙaiƙayi, kuma abin ya fi tsananta ne bayan an gama da kamar mako ɗaya zuwa biyu. An hana ni man zafi da turare a wurin, sai riga sakakkiya ta auduga. Gajiya kam ba a magana. Gashin kaina da ya fara tsirowa bayan kemo bai sake zuba ba. Kuma duk da tsoron da aka ba ni, jikana a cinyata yake barci, don irin wannan gashin ba ya barin komai a jiki da zai cutar da na kusa.

Ƙorafina ɗaya ne, amma babba. Bayan zama na tara na'urar ta lalace, kwana huɗu ba aiki, ba wanda ya kira ya sanar da mu. Kullum sai mun biya kuɗin Keke Napep mun je an ce mu dawo gobe. Ni da sauƙi, a gidan ƙanwata na sauka. Akwai waɗanda suka taso daga jihohi masu nisa, har da Jamhuriyar Nijar, suna kwana a baranda, guzuri na ƙarewa. Likita da kansa ya ce tsaiko a tsakiyar gashi ba a son sa, don yana ba ƙwayoyin damar farfaɗowa. Da aka gyara an cike min kwanakin da na rasa.

Ma'aikatan ɗakin kuwa Allah Ya saka musu da alheri, kullum sai sun rufa min zane kafin su fara saiti. An ba ni wata uku in koma ganin likita.