Diclofenac ya kwance mini baya, ya ɗaure mini ciki

Ni tela ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, shekara ashirin da 'yan kai ina duƙe a kan keke. Ciwon baya abokin zamanmu ne, balle in sallah ta ƙarato, shadda ta taru, kowa na rantsuwa nasa ne na gaggawa. Azumin 2024 ya faɗo a Maris da Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, kuma a watan ne na saba da diclofenac mai miligiram 50.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, maganin yana aiki. Kafin awa guda ƙugu ya saki, in zauna har ƙarfe biyun dare ina aikin wuya. Ga araha, kati guda bai kai kuɗin zare ba. A wajen wani yaro mai yawo da kwandon magani nake saye, shi ne ma ya miƙo mini wani jan kafso ya ce, "Baba, haɗa da wannan, na ciwon jiki ne." Ashe ibuprofen ne mai 400. Ban duba rubutun ba.

Sai in haɗiye su biyun da koko a sahur, in wuni ba ruwa, in maimaita bayan buɗa-baki. Wajen kwana goma ƙwannafi ya fara. Na ɗora wa ƙosai da yaji laifi, na jiƙa kanwa na sha. Ranar da na miƙe daga keke jiri ya kwashe ni, bayan gida kuma ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, uwargida ta ce, "Malam, ko ka tafi asibiti da ƙafarka, ko in kira Yaya ya kai ka."

Likita ya juya katunan biyu a hannu ya ce 'yan gida ɗaya ne, su da aspirin. Aikinsu hana jiki sarrafa wani sinadari, prostaglandin, mai tayar da kumburi da zogi. Sai dai shi ne kuma ke sa ciki ya yi yauƙin da ke kare shi daga tsaminsa, shi ke taimaka wa jini isa ƙoda. Baƙin nan da na gani jini ne. Abin da ya ɗaure mini kai, ban wuce ƙa'ida ba: babba kan sha diclofenac har miligiram 150 a rana, ibuprofen kuwa 1,200 in ba likita ne ya ƙara ba. Haɗa su ne ɓarnar, ga ƙishirwa, ga kwanaki a jere, ga shekaru sun ja. Ya ce mai hawan jini, ciwon zuciya ko na ƙoda, da mai gyambon ciki, kada su taɓa sai da izini. Mai juna biyu ma haka, tun ba daga wata na biyar ba. A daren na buga wa 'yata waya, don na san halinta da ƙwayar ciwon mara.

An ɗora ni a kan omeprazole, mai rage tsamin ciki, da ƙwayar ƙarin jini, wadda ita ma ke baƙanta bayan gida, da ba a gaya mini ba da na sake rugawa asibiti. Azumi shida na sha, na rama bayan sallah.

Yanzu paracetamol nake sha. Bai kai wancan ƙarfi ba, ko kusa, amma ba ya cin ciki. In bayan ya matsa sai in shafa diclofenac na man shafawa, wanda kaɗan ne ke shiga jini, shi ma daga farmasi. Na haɗiya dai likita ya ce ni da shi har abada. Kafinta ya ɗaga mini kujera, na sa matashi.

Kayan mutum uku ne suka kwana a shago ranar sallar. Biyu sun yafe, na ukun har yau in ya zo wucewa sai ya kau da kai.