Duloxetine ko pregabalin? Ga abin da muka gani a gidanmu

Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya ya sa kaffara ne. Wannan zugin ƙafa da sagewar yatsu da take yi bayan kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa da ake sawa a asibiti), kina tambaya duloxetine ko pregabalin, duka biyun mun saya wa Babanmu lokacin da aka yi mai kemon kansar hanji, don haka ba labarin ji-ta-ji-ta zan ba ki ba.

Shi maganin kemo oxaliplatin aka sa mai, ita kuma tunda kansar nono ce ina zargin paclitaxel ne, dukkansu suna taɓa jijiyoyin yatsun hannu da tafin ƙafa. Baba sai da ya kai ko butar alwala ba ya iya taɓawa in ruwan da sanyi, cikin hunturu ne kuma, ya ce kamar wutar lantarki ke fizgarsa. Carbi yana zamewa daga hannunsa bai ma sani ba, dare kuwa ya ce tafin ƙafarsa kamar an zuba barkono, sai dai ya zauna bakin gado har asuba.

Pregabalin muka fara, wani mai kemis ne ya ba ƙanina. Barci kam ya sa shi, da jiri, har ya kusa faɗuwa a banɗaki, zugin kuma yana nan. Kuɗinmu dai ya tafi.

Da muka koma ganin likitan kansar ta yi mana faɗa sosai, ta rage ƙarfin kemon na gaba sannan ta rubuta duloxetine, 30mg sati ɗaya daga nan 60mg kullum. Satin farko ya sha tashin zuciya da bushewar baki har ya ce mu ƙyale shi, Inna ce ta dinga lallaɓa shi yana sha bayan ya ɗan ci abinci. Wajen sati na uku wallahi da asuba na ji ƙarar ƙofa, ashe Baba ne ya saka takalminsa zai tafi masallaci, mutumin da ya yi wata biyu yana sallah a zaune a ɗaki. Sagewar ba ta tafi ba fa, kar in yi miki ƙarya, har yanzu saka maɓallin riga yana ba shi wahala, amma raɗaɗin ya sauka yana barci.

Kuma ba sa'armu kaɗai ba ce. Ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka, ASCO, a 2020 duloxetine kaɗai ta amince da shi kan irin wannan ciwon, a wani gwaji na 2013 kuwa kashi 59 cikin ɗari na masu shansa suka ji sauƙi, waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki kashi 38.

Ni dai duloxetine zan ce, amma likitanta ne zai rubuta, ki kwashi duk magungunanta a leda ki kai mai, musamman in tana shan tamoxifen ko tramadol don ba a haɗa su da ka. In ta fara kuma ba a yankewa rana ɗaya, a hankali ake ragewa.

Sannan ki yi hattara da masu tallan "maganin jijiya" a Facebook da WhatsApp, da sun ji kalmar kansa sai su ninka kuɗi. Akwai wanda ya so ya sayar mana da acetyl-L-carnitine wai yana gyara jijiya, alhali likitocin kansa sun hana shi don yana iya ƙara ciwon, bitamin B6 ma in ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiya. Ki saya a babban famasi, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ruwan wankanta kuma ki riƙa taɓawa da hannunki tukunna, ƙafar da ta sage tana iya ƙonewa ba ta ji ba.