Shekara Uku da Kamfanin Kula da Na'urar Sanyaya Gida a Buckeye, Jihar Arizona

Mun tare a garin Buckeye, da ke yammacin birnin Phoenix a Amurka, a watan Nuwamba na 2022, bayan shekarun da muka yi a jihar Ohio, kuma duk wanda ya iso wannan yanki a irin wannan lokaci zai iya ɗauka cewa labarin zafin Arizona ƙarin gishiri ne kawai, domin safiya tana da sanyi mai daɗi, da yamma kuma mutum yana iya zama a ƙofar gida yana kallon duwatsun White Tank ba tare da ya yi gumi ba. Maƙwabcinmu, wani dattijo da ya riga mu zuwa unguwar da shekara biyu, shi ne ya fara jan kunnena cewa kada in bari watan Maris ya wuce ban ƙulla yarjejeniyar shekara da ɗaya daga cikin kamfanonin da ke kula da na'urar sanyaya gida ba. Na ji maganarsa ne saboda girmansa, ba don na gamsu ba, tunda gidan sabo ne fil, na'urar ma sabuwa ce. Yanzu na cika shekara uku ina biyan wannan kamfani, kuma ina ganin lokacin ya isa in faɗi abin da na gani. Ba zan kama sunansa ba, domin irinsa suna da yawa a yammacin Phoenix, tsarinsu kuma kusan ɗaya ne.

Abin da ake saya bai da wuyar fahimta. Ana biyan kuɗi sau ɗaya a shekara, su kuma su turo mai gyara sau biyu, ɗaya kafin shigowar zafi, ɗaya kafin sanyi, ya duba na'urar ya wanke ta. Ban da wannan akwai ragin kuɗi a kan kowane gyara, ba a ƙara caji idan an kira su da dare ko a ƙarshen mako, sannan akwai alkawarin cewa mai yarjejeniya yana gaba a layi ranar da na'urarsa ta tsaya. A takardar tallarsu wannan alkawari na ƙarshe shi ne aka rubuta da ƙananan haruffa, alhali a ganina shi kaɗai ne ya cancanci kuɗin.

Dalilin haka yana cikin yadda garin ya girma. Ƙidayar shekarar 2000 ta samu mutum 6,537 a Buckeye, a 2010 suka zama 50,876, a 2020 kuma 91,502, kuma har yau ba a daina share fili ana kafa sababbin unguwanni ba. Kowane gida da aka gina yana da na'ura ɗaya, masu bene sau da yawa suna da biyu, amma masu gyara ba su ƙaru daidai da yawan gidajen ba. Da yawa daga cikinsu daga Phoenix ko Glendale suke tasowa, su biyo babbar hanyar I-10 tafiyar kusan kilomita 50, hanyar da ke cushewa da motoci safe da yamma. Saboda haka idan zafi ya tsananta na'urori suka fara tsayawa a rana ɗaya, kamfanin da ke tsakiyar birni ba shi da dalilin da zai sa ya tsallake gidaje goma da ke kusa da shi ya zo bakin hamada domin mutumin da bai sani ba.

Ziyarar farko, a watan Maris na 2023, ita ce ta fi burge ni. Mai gyaran ya iso da ƙarfe bakwai na safe, ya fara da hawa cikin silin inda rabin na'urar yake, ya bayyana mini cewa yana yin haka da wuri ne domin a tsakiyar bazara wurin yana yin zafin da mutum ba zai iya daɗewa a ciki ba. Ya auna zafin iskar da ke shiga na'urar da na wadda ke fitowa, ya nuna mini cewa bambancin da ake so yana tsakanin digiri 8 zuwa 11 a ma'aunin Salshiyas, namu kuma yana ciki. Daga nan ya sauko wajen akwatin da ke gefen gida, wato ɗaya rabin na'urar, ya kashe wuta, ya cire murfin, ya sa tiyo yana fesa ruwa daga ciki zuwa waje. Ruwan da ya gangaro kan tsakuwa ja-ja-wur ne kamar an dama laka, a na'urar da ba ta cika wata biyar ba. Ya nuna mini filin da ke bayan katangarmu, inda manyan motoci ke baje ƙasa domin sabon rukunin gidaje, ya ce muddin ana gini a kusa, in manta da wata ukun da aka rubuta a kwalin matatar iska, in riƙa sauya ta duk wata. Shi ne kuma ya tambaye ni ko na yi wa na'urar rajista a wurin kamfanin da ya ƙera ta, domin yawancinsu suna ba da garantin kayan gyara na shekara 10 ga wanda ya yi rajista cikin kwana 60 ko 90, wanda bai yi ba kuma ya tsaya a shekara 5. Ban yi ba, kuma wa'adin ya riga ya wuce. Babu wanda ya gaya mini wannan ranar da aka miƙa mini makullin gida, kuma duk wanda zai tare a sabon gida a nan ina ba shi shawara ya yi wannan rajista kafin ma ya gama kwance kayansa.

Bazarar 2023 ba ta bar wa kowa shakka ba. Daga 30 ga Yuni zuwa 30 ga Yuli, kwana 31 a jere, zafi mafi tsanani na kowace rana a Phoenix bai gaza digiri 110 a ma'aunin Faranhait ba, wato sama da 43 a Salshiyas, kuma a ranar 19 ga Yuli ko da asuba bai sauko ƙasa da digiri 36 ba. Na'urarmu ta yi aiki kusan ba hutawa, ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Ba zan iya rantsewa cewa wankin watan Maris ne ya jawo haka ba, amma na san akwatin da ƙura ta toshe yana sa kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyaya a cikinsa, ya wahala ya kuma ƙara shan wuta.

Ranar da yarjejeniyar ta biya kuɗinta ta zo ne a watan Yuli na 2024, wata Asabar, lokacin da surukata ta zo mana ziyara. Wajen ƙarfe uku na rana uwargida ta lura cewa iskar da ke fitowa daga silin ba ta da sanyi. Na fita na tarar akwatin waje yana gurnani, amma fankar da ke samansa ba ta juyawa. Cikin awa uku ma'aunin da ke jikin bango ya tashi daga digiri 25 zuwa 31, duk da mun sauke labule mun kashe duk abin da ke fitar da zafi. Hajiya tana da hawan jini, kuma ko da yake ta yi ta cewa kada mu damu da ita, na ga yadda numfashinta ya sauya. Wannan ba abin wasa ba ne a gundumarmu ta Maricopa, inda hukumar lafiya ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi sanadin mutuwarsu a 2023, kuma akasarin waɗanda suka mutu a cikin gida an tarar na'urarsu ta lalace ko ba ta aiki.

Da na kira, tambayar farko da matar da ke amsa waya ta yi mini ita ce lambar yarjejeniyata. Bayan ta duba ta ce za a zo a daren, ta kuma ƙara da cewa waɗanda ba su da yarjejeniya sai tsakiyar mako mai zuwa. Na kai Hajiya da yara wani babban kanti mai sanyi suka zauna, ni kuma na dawo na jira. Mai gyaran ya iso wajen ƙarfe tara saura, rigarsa sharkaf da gumi, ya ce gidanmu ne na tara da ya shiga a ranar. Ya haska tocila ya buɗe gefen akwatin, ya zaro kafasita, wani ɗan gwangwani da ke ba fanka da kwamfuresa ƙarfin tashi, ya nuna mini yadda samansa ya kumbura. Ya ce wannan ne abin da ya fi sauyawa a watan Yuli, domin zafi yana cinye shi da wuri, shi ya sa motarsa ba ta rabuwa da su. Cikin minti ashirin fanka ta tashi. A makon nan ɗin wani gida da ke layinmu ya gamu da irin wannan matsala, kuma mutanen gidan sai da suka kwana uku a otal kafin a zo musu.

Duk da haka akwai abin da ya tsaya mini a rai game da kuɗin wannan dare. Kafasita ba kaya mai tsada ba ne, kuma da na duba farashinsa daga baya na ga cewa abin da aka caje ni, bayan an cire ragin da ake ta tallatawa, ya ninka shi sau da yawa. Na yarda cewa ina biyan tafiyar mai gyara da sanin aikinsa, amma gara a rubuta haka a rasit a fili, maimakon a ɗora duka a kan ɗan gwangwani sannan a ce an yi mini ragi.

Shekara ta uku ita ce ta rage wa kamfanin daraja a idona. A watan Afrilu na 2025 aka turo wani matashi daban, wanda ya fi daɗewa a falo yana nuna mini hotuna a allon hannunsa fiye da yadda ya daɗe a jikin na'urar. Ya fara da fitilar kashe ƙwayoyin cuta da ake sakawa cikin bututun iska, ya koma kan na'urar kariya daga hauhawar wutar lantarki, daga ƙarshe ya kawo maganar da ta ba ni haushi, wato wai in fara tunanin sauya na'urar gaba ɗaya saboda an hana gas ɗin da take amfani da shi. Gaskiyar maganar ita ce tun daga watan Janairu na 2025 an daina ƙera sababbin na'urorin gida masu amfani da wannan gas, wato R-410A, a Amurka, an koma R-454B da R-32, amma babu dokar da ta hana gyara waɗanda ke aiki ko ƙara musu gas. Na'urar da ba ta kai shekara uku ba, babu dalilin cire ta. Ni na san wannan domin na karanta, amma ina tunanin dattawan da suka yi ritaya suka cika unguwannin nan, waɗanda za a iya tsorata su da irin wannan magana a bakin bazara.

Abin da ya fi muni shi ne aikin da ya bari. Na'urar sanyaya gida tana tatso ruwa daga iska, ruwan kuma yana fita ta wani siririn bututu. A watannin rani iskar Arizona a bushe take, ruwan kaɗan ne, amma da daminar yankin ta shigo, wadda a hukumance take farawa 15 ga Yuni ta ƙare 30 ga Satumba, laima tana ƙaruwa, bututun ya fara aiki sosai. Busa wannan bututu yana cikin jerin ayyukan da aka rubuta a yarjejeniya, kuma an yi masa alamar an yi a rahoton da aka turo mini. A watan Agusta, kwana biyu bayan wata guguwar ƙura da ruwan sama ya biyo bayanta, muka ga tabo mai ruwan ƙasa yana faɗi a silin ɗakin yara. Wanda aka turo ya zuƙe bututun da injin, abin da ya fito kuwa ba tarin wata huɗu ba ne. Sun yi gyaran kyauta, manajan ya kira ya ba da haƙuri, amma fentin silin daga aljihuna ya fita.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne. Idan za su zo ziyara sai su ba da tazarar awa huɗu, abin da ke cinye wa ma'aikaci rabin yini, kuma yarjejeniyar tana sabunta kanta daga katin banki idan mutum bai hana ba. A ɓangaren yabo, mai gyaran farko ne ya koya mini sanyaya gida sosai kafin ƙarfe huɗu na yamma sannan in ɗaga ma'aunin har ƙarfe bakwai, domin a tsarin biyan wutar da muke kai waɗannan awanni uku na ranakun aiki su ne mafi tsada, kuma na ga bambancin a takardar wuta.

Wanda zai tare a Buckeye ko makamancinta, musamman mai ƙananan yara ko tsoho a gida, ina ganin ya shiga irin wannan yarjejeniya, amma da sharuɗɗa. Ya duba lasisin kamfanin a shafin hukumar rajistar 'yan kwangila ta jihar Arizona, ya tambayi inda motocinsu ke kwana domin ya san nisan da ke tsakaninsu da gidansa, ya kuma nemi a rubuta masa adadin awannin da alkawarin zama gaba a layi yake nufi, domin a tawa takardar ba a rubuta ba. Ranar ziyara kuma ya tsaya a kan aikin da kansa, ya ga an wanke akwatin waje, ya ga ruwa ya fito ta bakin bututu da idonsa, duk wani tayin sayen sabon abu kuma ya ce a rubuto masa zai duba.

Ni dai na sabunta tawa a watan Fabrairu, bayan na yi magana da manajan na roƙi a turo mini mai gyaran da ya zo a shekarar farko, wanda na yi sa'a har yanzu yana tare da su. An sa mini makon farko na Maris, ƙarfe bakwai na safe, kuma na riga na ajiye tsani a gareji domin wannan karon tare za mu hau silin.