Hattara da masu neman kwabo mai huji

Jama'a, ƙanen matata ya yi asarar kuɗin da ya shekara yana tarawa don sayen babur, a kan kwabo ɗaya tak. Shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Wani ne ya fara tuntuɓarsa ta WhatsApp, wai shi wakilin wani Bature ne mai tara tsofaffin kuɗi. Kwabo mai huji na 1936 yake nema, mai sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas, wai bisa kuskure aka buga shi, kuma miliyoyi za a biya. Kwana biyu tsakani sai ga wani dattijo da irin kwabon, wai gadon kakansa ne, ya matsu yana neman na magani. Yaro ya ga banza ta faɗi, ya biya. Da ya nemi wakilin Bature, waya a kashe har yau. Ashe bakinsu ɗaya.

Abin da ke sa mutane su afka shi ne akwai ɗan gaskiya a cikin ƙaryar. Edward ya sauka daga gadon sarauta a watan Disamba na 1936, bai ko cika shekara ba. Amma anini da ɗari (rabin kwabo) da kwabo masu sunansa da aka buga wa Afirka ta Yamma ba kuskure ba ne, da gangan aka yi su, kuma da yawan gaske. Har gobe ana tsintarsu a gwangwanayen tsofaffi, tare da taro da sisi da sule da aka bar kashewa bayan zuwan naira a 1973.

Haka suke yi da liyari, kuɗin azurfar nan mai hoton Maria Theresa ta Austriya da kakanninmu suka yi fatauci da shi. Za a nuna maka 1780 a jiki a ce ya haura shekara 240. A shekarar ta rasu, kuma duk wanda aka buga bayan nan wannan shekarar ake sa masa, ko da jiya ya fito. Darajar yawancinsu ba ta wuce ta azurfar da ke ciki ba, in ma ba jabu aka ba ka ba.

Kuɗin da aka yi kuskure wajen bugawa akwai su, masu sha'awa kuma na saye da tsada. Shahararre shi ne kwabon Amurka na 1955 da rubutunsa ya fito biyu-biyu, hotonsa ma suke yawan turo wa mutane. To amma na bogi sai a haɗa kwabo biyu a buga da guduma. Duba da kyau: rubutun zai fito a juye, a lotse ciki, gefen kuma ya baje.

Wanda ya ce ka tura kuɗin gwaji ko na rajista kafin ya sayi kayanka, ɗan damfara ne, kai lambar asusunsa ga bankinka da 'yan sanda. In kuma kana da tsofaffin kuɗi, kada ka goge su da toka ko lemon tsami, gogewa na karya musu daraja.

Kwabon dai yana wurin surukata, ta zura masa zare ta ɗaura a makullin ɗakin ajiya.